Waƙar nasarar Blenheim: kishin ƙasa ne ko roƙo?

Ɗalibar_Adabi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan. A darasin adabin Ingilishi an ba mu wata doguwar waƙa mai suna The Campaign, wadda Joseph Addison ya rubuta a 1704 yana yabon nasarar da kwamandan Ingila, Marlborough, ya samu a kan sojojin Faransa a Blenheim. Karatun farko da na yi mata, wallahi ta burge ni. Mutum ya ɗaga ƙasarsa sama, ya mai da ita mai ceton Turai daga danniya. Sai da na shiga tarihin waƙar na ga ashe gwamnati ce ta aika aka nemo shi, kuma tun bai kai ƙarshenta ba aka ba shi muƙami mai albashi. Nan take ta fita daga raina. A ganina wannan roƙo ne kawai da Turanci, sai dai maroƙin ya yi karatu a Oxford. Malaminmu ya ce na yi gaggawar yanke hukunci. Ku kuma me kuka gani?

Bala_Mai_Shayi:
Wa alaikumus salam. Ni Marlborough ɗin da na sani shi ne wanda ake sayarwa kara-kara a gefen teburina. Ashe har yaƙi ya yi?

Kawu_Tarihi:
Bala, wasa ka yi amma ka taɓo gaskiya. Sunan tabar daga wani titi a Landan aka samo shi, titin kuma sunan wannan mutumin ya ci.

'Yata, kafin a yi wa waƙar hukunci sai a san abin da ya haife ta. A 1700 Sarkin Sifen, Charles na Biyu, ya mutu bai bar ɗa ba, ya yi wasiyyar gadonsa ga jikan Sarkin Faransa, Louis na 14. Ingila da Holan da Ostiriya suka ce ba su yarda gida ɗaya ya haɗa Faransa da Sifen da dukan ƙasashen da Sifen take mulka ba. Ga kuma ƙari: a 1701 Louis ya fito fili ya ce ɗan tsohon sarkin Ingila da aka kora, wanda ɗan Katolika ne, shi ne halattaccen sarki. Kin ga ke nan yaƙin ya shigo wa Ingila har cikin ɗaki, ya zama maganar wa zai hau gado, wace coci kuma za ta yi iko.

A 1704 Faransa da Bavaria suka sa Viyana, babban birnin Ostiriya, a gaba. Da ta faɗi, da ƙawancen ya watse. Sai Marlborough ya kwashi runduna daga yankin Holan ya yi tafiyar kimanin kilomita 400 zuwa kogin Danube cikin kusan mako biyar, bai gaya wa mahukuntan Holan ainihin inda ya dosa ba, don da sun sani da ba su bar shi ba. A can ya haɗu da Yarima Eugene na Savoy. Ran 13 ga Agusta aka gwabza kusa da wani ƙauye mai suna Blindheim, wanda bakin Ingilishi ya mai da Blenheim. Su wajen 52,000, abokan gaba wajen 56,000. Kafin dare ya yi an fasa tsakiyar rundunar Faransa, barade da yawa sun afka kogi, dakarun da aka cunkusa cikin ƙauyen sun miƙa wuya, an kama kwamandansu Tallard da ransa. Marlborough yana bisa doki ya sami wata takardar lissafin kuɗin masauki, ya juya bayanta ya rubuta wa matarsa Sarah cewa ta sanar da Sarauniya Anne sojojinta sun yi nasara. Manzon ya kwana takwas a hanya kafin ya isa.

An daɗe rabon da a yi wa rundunar Louis irin wannan ci. Murnar da mutanen Landan suka yi ba wanda ya biya su suka yi ta.

Mai_Bin_Diddigi:
Kawu, Allah ya ƙara sani, amma gyara kaɗan. 13 ga Agusta lissafin kalandar nahiyar Turai ne. A Ingila ranar 2 ga Agusta ce, don ba su bar tsohuwar kalanda ba sai 1752, tsakaninsu kwana 11. Jamusawa kuma ba Blenheim suke kiran yaƙin ba, Höchstädt suke cewa. Sannan a lura, Addison yana ta ambaton Biritaniya a waƙar, alhali Ingila da Sikotilan ba su zama ƙasa ɗaya ba sai 1707. Sarauniya ɗaya ce, amma kowa da majalisarsa.

Kawu_Tarihi:
Na karɓi gyara, ɗana. Kai dai ba a wuce ka da kwanan wata.

Abu_Hafsa:
Ni ina bayan Ɗalibar_Adabi. Kawu ya ba mu labarin fagen fama, amma fagen da aka rubuta waƙar dominsa majalisa ce.

Jam'iyyu biyu ne a lokacin, Wig da Tori. 'Yan Wig su ne na yaƙi: a tura runduna cikin Turai, a karya Faransa, a tabbata gadon sarauta ya tafi gidan Hanover na Jamus, waɗanda ba 'yan Katolika ba ne, kamar yadda dokar 1701 ta tsara. A bayansu akwai 'yan kasuwar Landan da masu hannun jari a Bankin Ingila, wanda aka kafa a 1694 musamman don ranta wa gwamnati kuɗin yaƙi. Masu ra'ayin riƙau a cikin Tori kuwa masu gonaki ne da 'yan gani-kashe-nin cocin Anglika. Su suke biyan harajin ƙasa, sule huɗu a kowace fam, wato kashi 20 cikin 100. Ƙorafinsu shi ne: mu muke biya, masu ba da rance suke cin riba, Holan da Ostiriya suke morar jinin 'ya'yanmu. Suka ce a yi yaƙin a teku, ya fi arha, ya fi ganima.

Sai faɗuwa ta zo musu daidai da zama. A watan nan na Agusta kwamandan sojan ruwa, George Rooke, wanda ɗan Tori ne kuma ɗan majalisa, ya kama Jibiralta, sannan ya kara da jiragen Faransa a gaban Malaga aka tashi ba wanda ya ci wani. Da majalisa ta zauna, ta wakilai, inda Tori suke da rinjaye, ta taya Sarauniya murna ta jera Rooke da Marlborough kafaɗa da kafaɗa. Ta dattawa, inda Wig suke da ƙarfi, ko sunan Rooke ba ta kama ba. Ran 28 ga Nuwamba kuma masu riƙau suka yi ƙoƙarin liƙa wata dokar addini a jikin dokar harajin da ake yaƙin da shi, don in an ƙi ɗaya an ƙi duka. Dokar ta hana muƙami ce ga waɗanda ba 'yan Anglika ba amma sukan leƙa cocin sau ɗaya don su cancanci aikin gwamnati. Aka kada su da ƙuri'a 251 da 134. A watan da ya biyo baya waƙar Addison ta fito. Ruwa ba ya tsami banza.

Malamar_Turanci:
Bari in ƙara yadda aka yi aka nemo shi, kamar yadda marubuta tarihinsa suka ruwaito. Ma'ajin ƙasa, Godolphin, ba mutumin littafi ba ne, sukuwar dawaki ta fi damunsa. Amma ko shi ya ga waƙoƙin da ake ta zubowa kan Blenheim ba su da daɗin ji. Sai ya tambayi Halifax, jigo a Wig, ko ya san wanda zai iya. Halifax ya ce ya sani, amma ba zai faɗa ba, tunda gwamnati ba ta san darajar masu basira ba. Sai da Godolphin ya yi alkawarin sakayya. Aka tashi ministan kuɗi guda, Henry Boyle, ya hau bene ya sami Addison a wani ɗan ɗaki saman kanti a Haymarket. A lokacin ba shi da aikin yi, tallafin da ake ba shi na yawon karatu a Turai ya yanke tun mutuwar Sarki William a 1702. Da ya kai waƙar wajen da ya kamanta Marlborough da mala'ika, aka kai wa Godolphin ya gani, ya ba shi kujerar kwamishinan ɗaukaka ƙara a hukumar haraji, fam 200 a shekara. Kujerar John Locke ce, masanin falsafar nan, wanda ya rasu a Oktoban shekarar. Daga nan bai daina hawa ba har ya zama sakataren ƙasa a 1717.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, Godolphin da Marlborough su kansu asalinsu Tori ne masu sassauci. 'Yan uwansu na riƙau ne suka sa su gaba, shi ya sa suka fara jingina da Wig. Neman mawaƙi daga hannun Halifax ma wani miƙa hannu ne.

Ɗalibar_Adabi:
Kin gani ko, Malama? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina kishin ƙasa a nan?

Gwaggon_Yara:
Yarinya, tsaya tukuna. Ni ban yi adabin Turawa ba, amma na girma a gidan da makaɗan fada suke shigowa. Doki ake ba su, riga ake ba su, wani har gona. Shin don an ba makaɗi doki sai ya zama sarkin da ya wasa bai yi jarumtar ba? Kuma mu da muke saurare mun san wanda yake yabo da zuciyarsa, mun san mai neman na cefane. Shi wannan Addison ɗin, kafin a ba shi kujera, ra'ayinsa daban ne? In dai tun can ɗan Wig ne kuma yana ganin a yaƙi Faransa, to abin da ya yarda da shi aka biya shi ya faɗa. Likita ma ana biyansa, ba a ce ba ya son marar lafiya ya warke ba.

Malamar_Turanci:
Gwaggo, kin yi tambaya mai kyau. Tun can ɗan Wig ne. Yana cikin ƙungiyar Kit-Cat, majalisar hirar manyan Wig da marubutansu, kuma mai buga littattafan da yake riƙe da ƙungiyar, Jacob Tonson, shi ya buga waƙar. Tun 1695 ma ya yi wa Sarki William waƙar yabo kan yaƙi da Faransa. Ba a saye shi daga wani ɓangare ba.

Abu_Hafsa:
To ai kun ƙara ƙarfafa maganata ne. Kishin jam'iyya ne aka sa wa rigar kishin ƙasa. Gwaggo, da girmanki, makaɗin fada kowa ya san na sarki ne, ba ya ɓoyewa. Wannan kuwa da bakin ƙasa baki ɗaya yake magana, alhali rabin majalisa ba su tare da shi.

Sarkin_Baitoci:
Kun tsaya kan kuɗi kun bar waƙar. A karanta ta kusa da kishiyarta sannan a yi magana. Su ma 'yan Tori da suke cikin gwamnati, Harley da St John, ba su yarda Wig su kwashe nasarar su kaɗai ba, suka sa wani matashi John Philips ya yi tasa, mai suna Blenheim, ta fito a 1705. An ce ma ba ya so, abokai suka matsa masa, kuma a gidan St John ya zauna ya rubuta. Yaƙi ɗaya, gwarzo ɗaya, waƙa biyu, kowace da ubangidanta.

Philips ya bi tsohon salo. Waƙarsa ba ta da amsa-amo, ya kwaikwayi shahararren mawaƙin Ingila Milton, ya sa Marlborough yana sara da takobi yana zubar da mutane kamar jaruman tatsuniya. Addison ya yi tasa ƙwar biyu, layi sama da 400, ya bi tafiyar runduna zango-zango, kogi bayan kogi, gari bayan gari. Da ya zo kan gwarzon, abin da ya yaba nutsuwarsa ce: mutum a tsakiyar hayaƙi da ƙarar igwa yana duba inda sahu ya yi rauni yana tura agaji. A nan ya kawo mala'ikan da Allah ya aiko da guguwa kan ƙasa mai laifi, yana tafe a cikinta hankalinsa kwance yana sarrafa ta. Masu karatun farko sun ji wannan a jikinsu, don a Nuwamban 1703 wata guguwa ta afka wa kudancin Ingila, ta nutsar da jiragen yaƙi, ta kashe dubban mutane, kuma Addison ya ambace ta a wajen. A ƙarshe ya ce aikin irin wannan mutum ba ya bukatar ƙari, wanda ya fi faɗin gaskiyarsa shi ya fi yabonsa.

Daga baya wani manazarci, Joseph Warton, ya yi mata ba'a ya ce jaridar gwamnati ce aka yi wa amsa-amo. Akwai gaskiya a ciki, wasu wuraren kamar rahoto suke. Amma ta Philips yau sai masu bincike. In kuɗi ne yake yin waƙa, me ya hana su zo daidai?

Almajirin_Zaure:
Ni wajen mala'ikan nan ne ya fi tsaya mini. Ma'anarsa fa ita ce Faransa da Bavaria masu laifi ne, Marlborough kuma umarnin Allah yake zartarwa. Da an faɗi haka, an rufe bakin mai tambayar haraji, don ya zama mai jayayya da hukuncin Ubangiji. Su ma Faransawa in sun ci yaƙi coci suke shiga su yi godiya. Kowa Allah nasa ne ranar nasara.

Tsohon_Saje:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Na yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, kuma zan faɗi abu biyu da ba su jitu da juna ba.

Na farko, abin da Sarkin_Baitoci ya ce Addison ya yaba, shi ne gaskiyar yaƙi. Soja ba ya neman kwamanda mai ihu. Wanda muke so shi ne wanda in wuta ta buɗe, muryarsa a rediyo ba ta canzawa. Mun yi wani irin wannan, in ka ji shi sai ka ji ƙafarka ta daina rawa. Ko nawa aka biya mawaƙin, a nan bai yi ƙarya ba.

Na biyu, na sa ɗana ya nemo mini waƙar ya karanta mini, sai na ji wani wuri da ba wanda ya ambata a nan. Kafin Blenheim, Marlborough ya sa an ƙone ƙauyukan Bavaria, ɗaruruwa, don ya tilasta wa mai ƙasar ya rabu da Faransa. Addison bai ɓoye ba, ya faɗi wutar, ya faɗi mutane da yara suna gudu cikin daji. Amma sai ya ɗora laifin kan mai Bavaria, ya ce shi kuma kwamandan zuciyarsa tana ƙuna da ganin yadda aka cika umarninsa na adalci. Wannan na san shi. Na ga ƙauyen da aka ƙone, na san warinsa, kuma ban taɓa ganin wanda baƙin cikin mai ba da umarni ya mayar wa da rumbunsa ba.

Da muka dawo an yi mana liyafa, aka kawo mawaƙi. Ya kira manya ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu. Abokina da muka baro a can, ko sunansa ba a sani ba. Ban ji haushin mawaƙin ba, sunayen da aka rubuta masa ya karanta.

Gwaggon_Yara:
Allah ya jiƙan abokinka, Saje. Allah ya sa ya huta.

Mai_Bin_Diddigi:
Amin. Kuma a kan maganar Saje, ɓangaren da ya yi nasarar ma ya rasa kimanin 12,000 tsakanin matattu da masu rauni. Mafi yawan rundunar ba 'yan Ingila ba ne: akwai na Holan, Danmak, Furushiya, Hanover, Hesse da Ostiriya, da yawansu da kuɗin Ingila da Holan aka ɗauko su. Addison ya yaba wa Eugene, ba a ce bai yi ba, amma mai karanta waƙar zai ɗauka 'yan Ingila ne suka ci yaƙin sauran suka taya.

Almajirin_Zaure:
Wannan ba halin Turawa kaɗai ba ne. Duk wanda ya yi adabin Larabci ya haddace ƙasidar Abu Tammam kan cin Ammuriyya a 838, yabon Halifa Mu'utasim, kuma ba wanda ya ce kyauta ya yi ta. Har yau ana koyar da ita. A nan gida ma, shekara 100 cif bayan Blenheim, a 1804, aka yi Tabkin Kwatto, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi ƙasida kan nasarar. Sai dai shi ya bambanta: shi ya jagoranci yaƙin, ba labari aka ba shi ba, ba kuma kujera yake nema ba. Amma da za a tambayi Gobirawa, ai da wata waƙar za su so a yi.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Ku daina zagaye-zagaye. Mu ma ga namu nan, kowane zaɓe sai sun canza uban gida, jiya zagi yau yabo. In kuna so in kira suna.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Ba ma so. Dokar zaure ta hana siyasar gida da kiran suna. A koma Ingila ta 1704, don Allah.

Baƙon_Oxford:
To bari in mayar da ku. Ina zaune kusa da wurin, na je fadar Blenheim a Woodstock sau biyu. Fam 200 ɗin Addison abin dariya ne in ka ga abin da gwarzon ya samu. Sarauniya ta ba shi filin, aka fara ginin a 1705 da kuɗin gwamnati, Vanbrugh ya zana. A cikinta aka haifi Winston Churchill a 1874, don zuriyar gidan ne, sunan Marlborough na yanka John Churchill. Har yau kuɗin hayar da iyalin suke biya shi ne tuta ɗaya irin ta sarakunan Faransa da suke kai wa fadar Windsor duk shekara. In ana maganar yabon da aka yi da dukiyar jama'a, ginin nan ma waƙa ce, da dutse aka yi ta.

Kawu_Tarihi:
Kuma ginin ya ga abin da waƙar ba ta hango ba. Marlborough ya sake cin Ramillies a 1706 da Oudenarde a 1708, amma a Malplaquet a 1709 ɓangarensa ya rasa sama da 20,000, mutane suka fara gajiya. Matarsa ta ɓata da Sarauniya. A 1710 aka sauke Godolphin, Tori suka lashe zaɓe. Sai suka ɗauko nasu alƙalamin, Jonathan Swift, wanda ya zauna ya lissafa abin da ƙasa ta kashe wa Marlborough ya ce ya kai fam 540,000, ya rubuta cewa ana jan yaƙin ne don a azurta gida ɗaya. A ƙarshen Disambar 1711 aka tuɓe shi bisa zargin karɓar kamasho daga ɗan kwangilar burodin soja da yankar kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin sojojin haya. Aka tsayar da kuɗin ginin, ya bar ƙasar, bai dawo ba sai da Sarauniya ta rasu a 1714. Da ya mutu a 1722 Swift ya bi shi da waƙar zambo. Swift ɗin nan kuwa abokin Addison ne kafin siyasa ta shiga tsakaninsu.

Ummu_Sumayya:
Ni abin da ya shafe mu nake so a duba. Yaƙin nan da ake cewa na 'yantar da Turai ne, me Ingila ta fita da shi a sulhun Utrecht na 1713 da ya kawo ƙarshensa? Jibiralta tana ciki, wadda Rooke ɗin da aka ƙi yaba wa ya kama, kuma har yau tana hannunsu. Sannan akwai kwangilar kai bayi daga Afirka zuwa ƙasashen Sifen na Amurka, mutum 4,800 kowace shekara har shekara 30. Aka miƙa ta ga kamfanin South Sea da Harley ya kafa. Sulhun ma an yi masa waƙa, Alexander Pope ya yi Windsor-Forest a 1713, ya sadaukar da ita ga ɗaya daga cikin mutum 12 da Sarauniya ta naɗa majalisar dattawa lokaci ɗaya don a samu rinjayen amincewa da sulhu. A cikinta har da fatan bauta ta ƙare a duniya. Ana wannan fata ana sa hannu a waccan takarda. To ni ko an ce kishin ƙasa ne na gaskiya, sai in tambaya, ƙasar wa, a kan wuyan wa?

Sarkin_Baitoci:
Hajiya, maganarki tana da nauyi, sai dai Addison ya rubuta tasa shekara tara kafin Utrecht, kuma jam'iyyarsa ta yi adawa da sulhun. Ba don bayi suka yi adawar ba, kada a ce na wanke su, gani suka yi an sassauta wa Faransa.

Malamar_Turanci:
Ɗalibar_Adabi, in za ki yi rubutu, ki nemi wata gajeriyar waƙa ta Robert Southey kan wannan yaƙin, daga ƙarshen shekarun 1790. Wani tsoho ne a filin Blenheim, jikansa ya tsinci ƙoƙon kan mutum ya kawo masa. Yaran suna tambayarsa me aka yi yaƙin a kai, wane amfani ya yi, shi kuma ba shi da amsa sai maimaita cewa ai shahararriyar nasara ce. Yau a makarantu an fi sanin ta fiye da ta Addison. Abin dariyar, Southey ɗin nan a 1813 ya karɓi muƙamin mawaƙin fada, ya zo yana yabon nasarar Waterloo.

Bala_Mai_Shayi:
Idan kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza. Ni dai a ba ni fam 200 ta wancan zamani ku ga baitoci.

Ɗalibar_Adabi:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Gaskiya kalmar roƙo da na yi amfani da ita ta yi tsauri, maganar Gwaggo ta sa na sassauta, tunda mutumin bai canza ra'ayi don kujera ba. Amma ban koma inda na fara ba. Wurin ƙone ƙauyukan da Baba Saje ya nuna, sau biyu na karanta shi a baya ban tsaya ba, daɗin baitocin ya wuce da ni. Shi zan sa a tsakiyar aikin, in jera shi da wajen mala'ikan.

Abu_Hafsa:
Ni ban sassauta ba. Waƙar da aka yi oda, aka duba rabinta, aka biya, aka fitar ana tsakiyar rikicin majalisa, takardar kamfe ce ko da zinare aka rubuta ta.

Gwaggon_Yara:
Kai ma Abu_Hafsa da taurin kai. Ranar da aka yi maka sarauta zan ga ko za ka kori makaɗa.

Mai_Bin_Diddigi:
Ƙanwata, abu ɗaya kafin ki miƙa aikin. Waƙar a Disambar 1704 ta fito, amma a bangon bugun farko 1705 aka rubuta, haka masu ɗab'i suke yi wa littafin ƙarshen shekara. Ki ambaci duka biyun, kada malaminku ya ja miki jan biro.